Sauya wa tsohuwar Land Cruiser inji: waɗanda suka yi, me kuka gani a rairayi?

Mai FJ62, Birni:

Salamu alaikum ƴan uwa. Akwai Land Cruiser FJ62 a gidanmu nan Damagaram, ƙasar Nijar, ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, yanzu tana hannuna. Injinta 3F ne na fetur, lita 4, mai kafireto, da giya biyar ta hannu. Shasi garau yake, ko tsatsa babu. Abin da ya dame ni shan mai. Lokacin da fetur ɗin Najeriya ke cike da kwalabe a bakin titi da araha ban damu ba, amma tun da aka cire tallafi a can a 2023 motar ta fi zama a gida. Ga shi ina bukatarta zuwa Tanut da Belbeji, wani lokaci har Tasker wajen dabbobinmu. Ina tunanin sa mata injin gazuwal, wato dizal, 2H ko 1HZ, in ɗaga ta kaɗan, in sa manyan tayoyi. Don Allah wanda ya taɓa yi da motarsa ko da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Direban hanyar Tasker:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba. Tawa Land Cruiser HJ75 ce, da 2H ta zo, da ya gaji na sa mata 1HZ. Abu na farko da zan gaya maka, kada ka sayi inji tsirara. Ka saye shi da giyarsa da ƙaramar giyar kat-kat, da kuloci, da sitata, da altaneta, duk a haɗe kamar yadda aka ciro su daga mota ɗaya. Giyar 3F da ta 1HZ suna iya yin kama a ido, amma kaskon da ke haɗa su da inji daban ne, sandar da ke shiga kuloci ma ba ɗaya ba ce. Na ga wanda ya ce zai rage kuɗi ya bar tsohuwar giyarsa, motar ta yi ta zama a gareji ana aike Ƙofar Ruwa a Kano neman abu ɗaya bayan ɗaya.

Wajen aiki kuwa, 1HZ lita 4.2 ne, ƙarfinsa wajen doki 130, ba ya gudu amma ba ya gajiya. Daga Gure ka miƙa arewa, inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara, a giya biyu ko uku yake ja da kaya ba tare da ka matse shi ba. 2H ya fi shi sanyin jiki, sai dai shi ba ruwansa da bel ɗin taimin, haƙora ne ke juya shi. 1HZ yana da bel, kuma ranar da ya tsinke bawul da fistin za su gaisa. Ranar da inji ya shiga motarka ka sa sabon bel ko da mai sayarwa ya rantse maka sabo ne, ka rubuta kilomita a jikin murfin, in ta kai 100,000 ka canza.

Tsohon makanike, Sabon Gari:

Yaro, abin da direba ya faɗa gaskiya ne, bari in ɗora. Tun zamanin Land Rover 109 da Peugeot 504 ta Kaduna nake wannan aiki, kuma yawancin injinan da aka sauya suka dawo mini a mace, ba ƙarfi ne ya gaza musu ba, zafi ne ya cinye su.

Ka duba yanayinmu. Watan Afirilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, kana cikin rairayi mai laushi, inji yana kuka, mota tana tafiyar ƙafa, iskar ma daga bayanka take busowa. Ba iskar da ke shiga lagireto sai wadda fanka ta jawo. To a nan ake gane aikin da aka yi da gaskiya. Mutum ya zuba kuɗi ya sayi inji, sai ya mayar da tsohon lagireton da rabin bututunsa ya toshe, ya jefar da kaskon robar nan da ke zagaye fanka don ya hana shi ɗaure kusoshi. Wannan kaskon shi ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto. In babu shi fanka iskar gefe kawai take kaɗawa. Sannan ita fankar tana da wani mai mai kauri a cikin cibiyarta wanda ke sa ta kama idan inji ya yi zafi. In ya tsiyaye za ka gan ta tana juyawa, amma ba ta jan komai. Ana buɗewa a ƙara mata, ba sai an sayi sabuwa ba.

Maganar da nake faɗa da yarana a kanta kullum ita ce tamostat. Al'adar garejinmu ce a cire shi a yar, a ce ai na ƙasar sanyi ne. A wannan inji kuskure ne babba. Tamostat ɗinsa yana da wani faifai a gindi da ke toshe gajeriyar hanyar ruwa idan inji ya ɗumama. Ka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, wani ruwan ya riƙa kewayawa cikin inji bai leƙa lagireto ba. Ka sa na ainihi. Kuma ruwan rijiyoyin gabas, wajen ƙasar Manga, da yawansu akwai kanwa. Kada ka zuba shi a lagireto sai dole ta kama, in ka dawo gari ka zubar ka wanke.

Wajen saye, ka je da sassafe inji na sanyi, ka taɓa shi da hannunka ka tabbata ba a tashe shi kafin ka zo ba. Ya tashi bugu ɗaya. Ka buɗe murfin zuba mai yana aiki, ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, to. In iska ta cilla shi, hayaƙi na bin bayansa, ringi sun tafi, ka yi musu sallama.

Mai wayar mota, Zango:

Baba makanike ya gama magana kan ruwa, ni ta wuta zan yi. Ka tambayi mai injin: na bolt 12 ne ko na 24? Akwai masu zuwa da 24, musamman cikin waɗanda ake cirowa daga motocin waje, motarka kuwa 12 ce. An taɓa kawo mini wata da aka gama ɗaure komai, aka murɗa makulli sitata ta yi ƙus. Sai da muka canza sitata, da altaneta, da filogin ɗumama guda shida, da ɗan abin da ke yanke mai a jikin famfo. In 2H ka zaɓa, da yawansu wata ƴar na'ura ce ta lantarki ke buɗe mai ta kashe inji, kuma ta tsufa a yawancinsu; mu kan cire ta mu sa waya ta ja da hannu, hankali kwance.

Sai birki. Injin fetur da kansa yake ba tukunyar birki iskar da take zuƙa, na gazuwal sai da famfo na musamman. Ka tabbata an haɗa wannan tiyo kafin a fita gwaji, in ba haka ba feda za ta yi tauri a tsakiyar kasuwar Dole.

Hajiya mai Hilux:

Ɗana, sannu da ƙoƙari, riƙe motar mahaifi abin yabo ne. Ni ba Land Cruiser gare ni ba, tsohuwar Hilux ce da nake aika kaya kasuwannin ƙauye, Mirya, Matamai, har Magarya. Da 22R na fetur take, aka sa mata 3L na gazuwal mai lita 2.8. Man da take sha ya ragu sosai, wannan ba musu. Amma abu biyu nake so ka sa a lissafi. Na farko, kuɗin da makanike ya faɗa mini a farko na inji ne da aikin hannu; tanki da aka sauke aka wanke, da bututun da ke mayar da ragowar mai tanki, da matatar da ke raba ruwa da gazuwal, da babban batir, da salansa, duk daga baya suka biyo, kowanne da ranarsa. Ka zauna da shi ku rubuta komai a takarda kafin a kwance kusa ɗaya.

Na biyu takardu. Kart giriz ɗin motar, wato takardar rajistarta, ta ce fetur, mota kuma kowa na jin kukan gazuwal. An tsayar da direbana a wani shingen bincike, kaya suka yini a rana, tumatir ne a ciki. Ba wanda na zarga, takarda ce ba ta dace da mota ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin daga wanda ya sayar maka, da takardar duwan, wato kwastan, in daga waje ya shigo, ka je a gyara maka takardar mota tun kafin ka fara doguwar tafiya.

Mai Land Cruiser GRJ79 ta fetur:

Ni dai ra'ayina ya saɓa, ku yi haƙuri manya. Na yi aikin hanyar Agadas zuwa Jado lokacin da zinariya ta fashe a 2014, kuma a kan manyan tuddan rairayi fetur ne sarki, don yana ɗaukar wuta nan take ya haye kafin taya ta nutse. 3F inji ne da kowane makanike a ƙasar nan zai gyara a gindin bishiya. Yaya, kafin ka cire shi, an taɓa gyara kafireton nan da kyau? An duba taimin da filogi? Na san wata FJ62 da aka yi wa wannan kawai, shan manta ya sauka har mai ita ya fasa sauyi. Ka lissafa kilomita nawa kake yi a shekara, ka ga shekara nawa rarar gazuwal za ta biya maka kuɗin aikin.

Direban hanyar Tasker:

Maganarka tana kan hanya ga mai tuddan Tenere. Amma shi dabbobi da buhuna zai ɗauka, kuma a daji abin da ke ba mutum tsoro nisan da tanki ɗaya zai kai shi. Ga matatar mai ta SORAZ nan a hanyar Tanut tun 2011, gazuwal a ƙofar gidanmu ake tace shi. Jarkar gazuwal a bayan mota cikin rana kuma ba ta da haɗarin ta fetur.

Ɗan turbo, Karkada:

Tunda an zo maganar ƙarfi, ni na ɗora wa 1HZ ɗina turbo, kuma har yau lafiya, amma ba zan ce kowa ya yi ba. Ba a gina fistin ɗinsa don turbo ba, wanda aka gina don haka shi ne 1HD-T. Na tsayar da iskar da turbo ke turawa a wajen rabin kilo, ban bari an buɗe famfo da yawa ba, na kuma sa agogon da ke auna zafin hayaƙi. A hawa mai tsawo idona na kan wannan agogon, da ya fara hawa sai in ɗaga ƙafa in sauko giya. Abokina da aka buɗe wa mai har baƙin hayaƙi na tashi, fistin ya tsage masa tsakanin Tanut da Adarbisanat, sai jawo motar aka yi.

Mai faci, bakin tasha:

Maigida, ni ba ni da mota, amma ƙafafun motocin dajin nan a hannuna suke kwana. Manyan tayoyi masu ƙaton zane na laka ne, a rairayi haƙa suke yi. Tsofaffin direbobi har gobe 7.50R16 suke nema, doguwa siririya, don ko a ƙauye za ka samu tib ɗinta. Abin da ke fitar da mota iska ce. Kana shiga laushi ka sauke ta zuwa kilo ɗaya da rabi, in ta kafe ka ƙara ragewa kaɗan, za ka ga tayar ta shimfiɗu a ƙasa kamar tafin raƙumi. Kana komawa tsakuwa ko kwalta ka mayar, in ba haka ba gefen taya zai yi zafi ya fashe. Kuɗin da za ka sa a manyan tayoyi, sayi famfon iska mai kyau, da agogon awo, da shebur, da farantan ƙarfe biyu na shimfiɗawa, da katakon da jak zai zauna a kai.

Mai FJ62, Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar takarda ko kusa ba ta zo mini ba. Zan fara kai kafireton a duba kamar yadda ɗan uwa ya ce, in yi tafiyar Tanut in auna man da ta sha, sannan in yanke shawara. In sauyin ne, 1HZ da giyarsa. Baba, saura ɗagawar. Wani mai walda ya ce zai ƙara mini ganyen sifirin uku uku ya sa dogayen maratayi. Ya kake gani?

Tsohon makanike, Sabon Gari:

Uku ya yi yawa, yaro. Mota za ta sandare, ta riƙa tsalle a kan gargada, ƙarshe shasi ya tsage a wajen maratayin. Dogayen maratayi a gaba kuma suna karkatar da aksul, sitiyari ya fara yawo. Ka bari sai inji ya zauna tukuna, a cika tanki, a ɗora batir da duk abin da zai zauna a gaba, sannan a auna tazarar da ke tsakanin aksul da robar da ke tare shi. In gaba ta zauna, ganye ɗaya ya isa, baya kuma gwargwadon kayanka. Duk abin da aka ɗaga, a ɗaga motar da jak har tayoyi su rataya a duba tiyon birki bai miƙe ba, shokozoba bai ƙure ba, farfela ba ta zare ba. Sannan 3F ta hagu yake fitar da hayaƙi, 1HZ ta dama, don haka sabuwar salansa za ta bi inda da babu zafi. Ka sa a matsar da bututun mai da na birki ko a sa musu faranti tsakani. Hancin iska na sama, bututun da inji ke shaƙar iska daga sama, ma ka sa, mai kwanon da ke tara ƙura, ka riƙa zubarwa kowace safiya lokacin hazo. Ranar da za ka je ganin injin ka biyo ta gareji da sassafe, in ba ka yaro ɗaya ya raka ka da agogon awon kwamfureshan.