Bes ɗina ya fara ƙarar zirrr tun shigowar hunturu, dan Allah a taimaka

Ɗan_Kakuri:

Salama jama'a, barkanmu da sanyi. Dan Allah masu kaɗa bes a cikinmu ku agaza min don abin ya fara hana ni barci. Wata biyar kenan da na sayi bes gita mai tsirkiya huɗu, na hannu ne, ƙirar Jazz Bass amma ba na kamfanin Fender na asali ba, wani abokina ya taho min da shi daga Legas da damina. Lokacin lafiyarsa ƙalau, sautin nan mai kauri har cikin ƙirji kake jinsa. To tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa sai ya canza, in na danna firet (ƙarafunan nan da ke jere a kan wuyan gita) na ɗaya zuwa na biyar musamman a tsirkiyar E da A sai ka ji zirrr kamar ƙuda ya faɗa kwalba, can sama kuma babu komai. Sannan bakin ƙarafunan firet ɗin sun leƙo ta gefen wuya suna kartar hannu, ranar Lahadi har jini suka fitar min a gindin yatsa ana tsakiyar waƙa. Wani ya ce in ƙara ɗaure ƙarfen cikin wuya da alanki, na sa alanki naji ya yi tauri sai na tsorata na bari.

Na biyu, in muka tada janareto amfilifaya sai ta dinga gurnani huuum, in na dafa tsirkiya ya ragu, in na saki ya dawo.

Na uku kuma a sito na cocinmu akwai wani tsohon dabul bes, babban nan na tsaye, ya fi shekara goma a jingine ba wanda ya taɓa shi. Tsirkiyoyin sun saki, bayansa ya ɗan buɗe a gefe, in ka girgiza shi wani abu na gangarawa a ciki kamar guntun itace. Inaso in tada shi in koya, zuciyata na kansa sosai. In ɗaure tsirkiyoyin kawai in gani?

Tsohon Mai Bes, Jos:

Ƙanena Allah ya taimake ka da ka cire alankin nan. Wanda ya ce ka ƙara ɗaurewa baya ya kai ka. Ƙara a firet na farko-farko kaɗai, sama shiru, yawanci alama ce wuyan ya miƙe sar ko ma ya ɗan lanƙwasa baya, wato ƙarfen ya riga ya fi ƙarfin tsirkiya, sassautawa yake so. Katako ne, yana shan danshi yana kuma bushewa, kayan da ya saba da iskar Legas ka kawo shi Kaduna cikin Disamba dole ya motsa. Ni sau biyu a shekara nake duba nawa, farkon damina da farkon hunturu.

Amma kar ka yarda da maganata ma sai ka auna. Ka saita tsirkiyoyinka daidai E A D G, ka riƙe bes ɗin yadda kake kaɗa shi ba a kwance a kan gado ba. Danna tsirkiyar E a firet na ɗaya da hannun hagu ko ka sa kafo, ɗan maƙalin nan da ke danne tsirkiya a wuya, da hannun dama ka danna ta wajen inda wuya ya haɗu da jiki. Yanzu tsirkiyar ta zama rula. Duba tsakaninta da kan firet na bakwai ko takwas, ya kamata a sami ɗan sarari kamar milimita 0.3, kusan kaurin katin nan na takarda da ake buga suna da lambar waya. Katin ATM kaurinsa 0.76 ne, in ya shige salin alin to sararin ya yi yawa. In kuma tsirkiya ta kwanta a kan firet babu sarari ko kaɗan, to ga ciwonka nan.

Sai ka nemi alankin da ya zauna cif a ramin, na ƙasashen Asiya galibi milimita 4 ne ko 5, in yana lilo kar ka murɗa don zai cinye bakin notin kuma gyaran wannan ya fi kuɗin bes ɗin wani lokaci. Kana fuskantar notin, ka juya hagu, kwata ɗin zagaye kawai ko ma rabin kwata, ka sake saita tsirkiya, ka bar shi ya huta ko zuwa washegari, ka sake aunawa. Na taɓa ganin yaro ya yi zagaye uku a zama ɗaya, muna zaune muka ji ƙas, shikenan wuya ya tashi aiki, ranar har ni sai da naji kamar in yi hawaye don bes ne mai kyau.

In wuya ya daidaita sannan ka zo kan tsayin tsirkiya a birij, wato ƙarfen da tsirkiyoyin ke zaune a kai a jikin bes. A firet na 17, wajen E kamar milimita 2.4, wajen G kamar 2, haka Fender ke ba da shawara, amma in hannunka na da nauyi ka ɗan ɗaga. Na ƙarshe, ka kaɗa tsirkiya a sake ka duba manhajar saiti a wayarka, ka danna firet na 12 ka sake dubawa. In sautin na 12 ya haura, ja sirdin, wato ɗan ƙarfen birij da tsirkiyar ke hawa kansa, baya tsirkiya ta ƙara tsawo, in ya gaza ka turo shi gaba. Wuya, tsayi, sannan wannan, in ka juya jerin sai ka yi aikin sau biyu.

Firet da ke yankarka kuma katakon ne ya tsuke, ƙarfe baya tsukewa. Yanzu da ake cikin bushewa shine lokacin goge su, ka manna salatif na takarda a katakon ka bi bakin da ƙaramin magagari mai laushi a hankali, in ka yi sau ɗaya da wuya su sake damunka.

Injiniya_SabonGari:

Baba ya gama magana kan wuya, ni bari in taɓa wutar. Gurnanin da ke raguwa in ka dafa tsirkiya ba wani babban ciwo bane, haka Jazz Bass yake, fikof ɗinsa, masu ɗauko sautin tsirkiya, guda biyu kowanne shi kaɗai yana jawo hayaniyar wuta, amma in ka buɗe bolum ɗin duka biyun har ƙarshe suna kashe hayaniyar juna, gwada kaga. Ka nisanci janareton da cajar waya da fitilun nan masu arha, ka canza kebul ka gani don rabin matsalar da ake kawo min shago kebul ne ya tsinke a ciki wajen jak. In kana da hali a buɗe ramin wayoyin a liƙa masa takardar jan ƙarfe a haɗa da wayar ƙasa, yana rage abin sosai.

Wanda nake so ka ji da kyau shine wannan, in kana riƙe da tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo kaji ya ɗan ja ka, ka ajiye kayan nan take a kira mai wuta. Mutanenmu na da halin karya ƙafa ta uku a fulogi don ya shiga soket, alhali ita ce ke kai wuta ƙasa in abu ya lalace a cikin amfilifaya, in babu ita kai ne hanyar. Wlh ba wasa bane, an rasa makaɗa a duniya ta haka.

Maɓallin bolum in yana ƙarar ƙasa-ƙasa in ka murɗa, ƙurar hunturu ce, a fesa masa maganin wanke kayan lantarki, banda man inji. In bes ɗinka mai batir ne 9V, cire kebul duk lokacin da ka gama don jak ɗin shine makunninsa. Kuma kar ka jona bes a ƙaramar amfilifayar gita ka ƙure, E ɗin nan wajen sau 41 take kaɗawa a daƙiƙa, lasifikar gita bata iya ɗauka sai ta yage.

Tsirkiya in ta mutu babu kuɗin sabuwa ni dafa su nake a ruwan zafi minti goma, su bushe sosai, sautin ya dawo na ɗan lokaci.

Anti Mai Dabul Bes:

Ɗana dan girman Allah kar ka ɗaure tsirkiyoyin nan tukuna. Abin da kaji yana gangarawa a ciki wani ɗan sanda ne da ke tsaye tsakanin fuskar bes da bayansa, kusa da ƙafar birij ta wajen tsirkiyar G. Ba a manna shi da gam, nauyin tsirkiya ne ke riƙe shi, shi yasa da suka saki ya faɗi. In ka ɗaure tsirkiya huɗu masu kaurin nan babu shi, fuskar zata iya lotsawa ko ta tsage, kuma daga nan sai dai haƙuri. Ana mayar da shi ne ta ramin nan mai kama da harafin f da wani lanƙwasasshen ƙarfe, aikin wanda ya saba ne, ka tambaya a sashen koyar da kiɗa na manyan makarantu ko wajen masu badujalar soja da ƴan sanda, sukan san mai yi.

Buɗewar da ka gani a gefe kuma in a kan layin haɗi take, ka gode Allah. Da gangan ake haɗa waɗannan kayan da gam ɗin fata wanda ake narkawa da zafi, don in katako ya ja a lokacin bushewa haɗin ya saki maimakon allon ya tsage, kuma gobe a iya buɗewa a gyara. Kar ka bari kafinta ya zuba masa sufa gulu ko farin gam na kujera. Nawa na farko haka aka yi masa kafin ya zo hannuna, da hunturu ya zo haɗin ya ƙi saki sai bayan ya dare tsawon tafin hannu biyu, har yau in na shafa wurin raina sai ya sosu.

Ka leƙa ciki da tocila ka duba gara da ɓera. Ka duba ko na falankin filawud ne ko sassaƙaƙƙe, na filawud ya fi jure yanayinmu nesa ba kusa ba. Birij ɗinsa, wanda masu goge ke kira jaki, shima ba a manne yake ba, ƙafafunsa su zauna daidai da ƴan tsagin da ke tsakiyar ramukan f, kuma duk lokacin da kake ɗaure tsirkiya yana son ya sunkuya wajen wuya, sai ka dinga mayar da shi da hannu biyu a hankali. Ka goga bakin fensir a ramukan da tsirkiya ke bi don ta dinga zamewa. Nan gaba in zaka canza tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, kar ka taɓa cire su duka.

In akwai bakansa, izgar doki ce irin ta goge, ka sassauta ta duk in ka gama. Ƙaron da ake shafa mata na bes mai taushi ne, a zafin Afrilu narkewa yake ya malale cikin jaka, ni a inuwa kusa da randa nake ajiye nawa. Shi kansa bes ɗin ka kwantar da shi ta gefensa, ka tura ƙarfen ƙafarsa ciki kar wani ya yi tuntuɓe, nesa da taga, ɗakin kuma a ajiye bokitin ruwa ko a rataya jiƙaƙƙen tawul, danshi kashi 40 zuwa 60 yake so, hunturunmu kuwa yana sauka ƙasa da haka sosai.

Saitinsa ɗaya da bes gitarka, E A D G, wannan zai taimake ka. Sai dai babu firet, kunnenka ne firet, kuma tsawon tsirkiyar ya kai inci 41 zuwa 42 a kan 34 na gita, don haka a ƙasan wuya yatsa na ɗaya da na biyu da na huɗu ake amfani da su, na uku yana tallafa wa na huɗu. Kar ka matse wuyan da babban yatsa, ka bar nauyin hannunka ya yi aikin. Hannun dama da gefen yatsa ake jan tsirkiya ba da kai ba. Zaka yi bororo, in ya fito ka huta, minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar.

Ɗan_Kakuri:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Baba na auna jiya da dare, babu sarari ko na gashi, tsirkiya kwance take a kan firet. Alanki 4 ne ya zauna, na sassauta kwata, da safe katin takarda ya fara shiga da ƙyar kuma zirrr ɗin ya tafi sai ɗan kaɗan a firet na biyu a A. Injiniya na duba fulogin amfilifayarmu, wlh ƙafa biyu ce, an karya ta ukun, na gaya wa shugaban mawaƙa yau za a canza. Anti ban taɓa dabul bes ɗin ba, na dai leƙa da tocila na ga sandan a kwance, babu gara, kuma buɗewar a kan layi take. Tambaya ɗaya, allon firet ɗin ya yi fari-fari ya bushe, in shafa masa man gyaɗa?

Tsohon Mai Bes, Jos:

A'a banda man gyaɗa ko man ja, suna yin ɗoyi su kama ƙura su kashe tsirkiya. In allon baƙi-baƙi ne mara fenti, ɗigo biyu uku na man da ake sayarwa don allon gita ko farin man jarirai a tsumma, ka shafa ka goge tas, sau ɗaya a shekara ya isa. In farin katako ne mai sheƙi baya buƙatar komai sai tsumma.

Saura kaɗan ɗin nan na A, ƙara rabin kwata ka jira kwana ɗaya, in bai tafi ba ɗaga sirdin A kaɗan. Ka kuma duba hannunka, yawancin yaranmu dukan tsirkiya suke don ba sa jin kansu a cikin ganguna, ka ƙara bolum a amfilifaya ka sassauta yatsa, ka danna dab da bayan firet ba tsakiya ba.

Injiniya ka yi haƙuri, dafa tsirkiya ni ban cika so ba, ruwa na maƙalewa a cikin naɗin ya ci ta da tsatsa, gara a jiƙa su cikin sifirit kwana ɗaya. Kuma ba kowa ke neman sautin sabuwar tsirkiya ba, James Jamerson, mai kaɗa bes na kamfanin waƙoƙin Motown a Amurka, a zamaninsa da tsirkiya masu santsin baya yake kaɗa bes ɗinsa ƙirar Precision, baya canza su sai in sun tsinke, kuma da yatsa ɗaya. Don kiɗan coci irin namu masu santsin nan suna zama daram a ƙarƙashin muryoyi, ƙura bata shiga cikinsu kamar masu kaushi, suna shekaru. In zaka sayi sababbi ka tsaya a lamba 45 zuwa 105 irin wanda galibi ke zuwa a kai, in ka canza kauri ko iri sai ka sake auna wuyan daga farko.