Wane suna ya dace da "cardiologist" a Hausa?

Mafi yawan masu fassara suna cewa "likitan zuciya", kuma a ganina sun yi daidai, domin tushen kalmar Girkanci ne, inda "kardia" ke nufin zuciya. Ban gamsu da "masanin zuciya" ba, saboda a wurin Bahaushe zuciya ita ce ma'ajiyar tunani da sirri, kuma sanin abin da ke cikinta sai Allah. Haka nan "likitan ciwon zuciya" yana da rauni, tun da mukan ce baƙin ciki ya sa wa mutum ciwon zuciya alhali lafiyarsa ƙalau.

Inda gizo ke saƙar shi ne ana laƙaba sunan ga likitoci biyu waɗanda horonsu ya rabu tun bayan kammala makarantar likitanci. Na farko yakan ƙware a cututtukan cikin jiki da ake magancewa ba tare da fiɗa ba, sannan ya keɓanta ga zuciya. A Amurka kowane mataki shekara 3 ne. Shi ne mai sauraron bugun zuciya, mai karanta zanen da na'urar auna bugun zuciya ta ECG ke fitarwa a kan takarda, mai daidaita magunguna. Na biyu kuwa ta hanyar tiyata ya biyo, shi ne mai buɗe ƙirji, kamar Christiaan Barnard wanda ya yi dashen zuciyar mutum na farko a duniya, a Afirka ta Kudu, a 1967. Shawarata ita ce a bar wa na farko "likitan zuciya", a kira na biyu "likitan tiyatar zuciya".

Akwai sauran rina a kaba. Tun 1977, lokacin da Andreas Grüntzig ya buɗe toshasshiyar jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a birnin Zurich, wasu likitocin zuciya suke zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har ya isa zuciya domin buɗe jijiyar da ta toshe, majinyacin yana farke, ba a tsaga ƙirjinsa ba. 'Yan uwansa za su ce "an yi masa aiki", amma wanda ya yi aikin ba likitan tiyata ba ne, irin likita na farko ne da ya samu ƙarin horo. Shi na fi so a kira "likitan zuciya mai aikin bututu", ko da yake na san sunan ya yi tsawo a baki.