Hannu da yawa maganin ƙazamar miya: har a babban reshe?

Ɗan Samaru: Jama'a, ku raba mana gardama. Mu biyar ne muke haɗa wata manhaja da Git, tsarin da ke adana canje-canjen da kowa ya yi, ya haɗa su wuri guda. Na ce a kulle babban reshe, wato main, ainihin kwafin aikin da kowa ke zuba nasa a ciki, kada kowa ya tura aiki kai tsaye sai an duba. Abokin aikina ya ce a bar shi a buɗe, wai hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ta hau nan kuwa?

'Yar Tudun Wada: Ko kusa. Hannayen nan na masu ci ne, ba na masu girki ba. Miya ta ɓaci, an kai kwano zaure, mutum goma sun sa hannu, nan da nan an suɗe. Ba gyaruwa ta yi ba, cinye ta aka yi. To wa zai cinye muku kuskuren da ya shiga main?

Na Ƙofar Doka: Kwastomomi mana.

Malamin Kongo: Hajiya, ban bi ki duka ba. Mu a gidanmu ana faɗinta ne idan aiki mai wuya ya samu taron dangi. In haka ne ta dace, sai dai hujjar Ɗan Samaru ce, ba ta abokinsa ba. Kowa ya tsaga reshensa, in ya gama ya nemi a haɗe, mutum biyu su karanta tukuna. GitHub, shafin da ake ajiye aikin Git a intanet, yana da wurin saita wannan, har da hana tura aiki da ƙarfi, wato mutum ya danne abin da ke reshe da nasa kwafin.

Ɗan Samaru: Malam, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ranar Alhamis bayan la'asar abokin aikin nan nawa ya tura da ƙarfi, aikinsa na kwana uku da namu duk suka ɓace daga main. Reshe ya juye da mujiya! Abin da ya cece mu, kwamfutar wata ƙanwarmu da wuta ta ɗauke mata tun safe, ba ta jawo sabon ba. A wajenta muka dawo da komai.

'Yar Tudun Wada: Ka ga wannan karin maganar ita ta zauna daidai. Amma in kun kulle, kada reshe ya yi sati uku ba a haɗe ba, ranar haɗewa warware layukan da gyaran wani ya ci karo da na wani sai ya kai ku asuba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Na Ƙofar Doka: Namu babban reshen har yau tsohon sunan, master, yake amsawa. Tun 2020 GitHub ya koma main, ogana ya ce ba mai raɗa wa ɗansa sabon suna.