Neman kalmar Hausa: sinadarin da ruwa ke tunzurawa

Malamar Kimiyya, Nima:
Salamu alaikum jama'a. Ana shirya 'yar takardar gargaɗi da Hausa saboda direbobin manyan motoci da 'yan lodin tashar Tema da masu sayen tsofaffin durom, amma kalmomi 3 sun tsaya mana a wuya. Ta farko sunan sinadarin kansa, trichlorosilane. Ta biyu "corrosive", ta uku "water-reactive". Shi dai abu ne mai ruwa-ruwa, garau, ba launi. Ana samunsa ne idan aka bi da iskar haidurojin kulorayid ta kan garin silikon a zafin kusan digiri 300, kuma da shi ake tace silikon ɗin da ake yin farantan sola da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Lambarsa ta sufuri UN 1295. Wani ya kawo shawarar "ruwan silikon", ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Mai Walda, Ashaiman:
Wa alaikumus salam Malama. A cire wannan tun yanzu. Duk wanda ka ce wa silikon a nan, abin da zai zo masa shi ne farin danƙon nan na cikin kwalba mai tsini da masu aikin alminiyom ke liƙe gilashin taga da shi, wanda yara ke shafawa da yatsa. Wata tsohuwa ma za ta ɗauka siliki kake nufi, na ɗinki. Sannan ga "ruwan" a gaba. Mutum ya ga ruwan kaza a rubuce, ya ga ɗan saura a gindin durom, abu na farko da zai yi shi ne ya ɗauraye.

Injiniya, Tema:
Masta ya taɓo inda ke ciwo. Ɗaurayar nan ita ce kisan. Da zarar sinadarin ya haɗu da ruwa, ko da laimar iska ce, sai ya warware nan take: kulorin ɗinsa ya fita a matsayin haidurojin kulorayid, silikon ɗin ya zauna fari kamar kullun koko, ga zafi mai yawa, ga kuma iskar haidurojin da ke iya biyowa, wadda tartsatsi kaɗan ya ishe ta. Ku lissafa da ni. Lita 1 tana da nauyin kilo 1.34. Kwatan lita, wato kofin shayi guda, giram 335 ke nan, zai ba da kusan giram 270 na haidurojin kulorayid, wanda a matsayin iska ya kai lita 180. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata na Amurka suka ce yana barazana ga rai nan take shi ne kashi 50 cikin miliyan. To kofi ɗayan nan ya isa ya kai iskar kwantena fiye da 100 masu ƙafa 20 ga wannan matakin. Ku kwatanta da shagon walda guda mai ƙofa ɗaya.

Abu na biyu da ya shafe mu musamman: yana tafasa a digiri 31.8. A Turai wannan zafin bazara ne mai tsanani, a Akra kuwa azahar ce ta watan Maris. Ke nan a wurinmu kusan kullum yana bakin tafasa, shi ya sa ake ɗaukarsa a silinda ko tanki mai jure matsi, da busasshiyar iskar naitirojin a samansa. Tururinsa ya fi iska nauyi sau 4 da wani abu, ba ya tashi sama, kwanciya yake ya bi kwata da rami har ya iske wuta a nesa, wutar ta biyo shi gida. 'Yan uwansa ne aka fi zubawa a durom, irin su silikon tetirakulorayid mai lamba UN 1818, wanda ke tafasa a digiri 57 da ɗoriya. Shi ba ya kama wuta, amma wajen hayaƙi ya fi: kilo 1 nasa na ba da kusan giram 860 na iskar asid.

Malamin Hausa, Sabon Zango:
Madalla da bayani, Injiniya. Ra'ayina a raba aikin gida biyu. Suna na littafi, a bar shi yadda yake a gyara masa baki kawai: tiraikulorosilan, dangin duka kuma kulorosilan. Ba a ƙirƙira wa irin wannan suna, domin likita da ɗan kwana-kwana na bukatar su ji abin da zai yi daidai da takardar kaya. Inda Hausa za ta yi aiki shi ne hali. Harshenmu gwani ne wajen raɗa wa abu suna da halinsa: a-ci-balbal, hana-salla, ci-rani, gagara-badau. A kan wannan gwadabe ina ba da "ƙi-ruwa".

Hajiya Nas, Mamobi:
Malam, da girmamawa, ƙi-ruwa ya yi daɗin faɗi amma zai ɓatar da mutane. Tamfol ƙi-ruwa ne, rigar ruwa ma haka, ganyen gwaza ma ruwa ba ya zama a kansa. Wanda ya ji zai fahimci cewa ruwa ba ya yi masa komai, alhali akasin haka muke son faɗa.

Malamin Hausa, Sabon Zango:
Gaskiyarki Hajiya, na janye. To "maƙiyin ruwa" fa, ko "mai gaba da ruwa"? Na fi karkata ga na biyun. Ƙiyayya tana iya zama a zuci shiru, gaba kuwa in an haɗu sai an gwabza.

Mai Walda, Ashaiman:
Mai gaba da ruwa ya zauna. Kuma akwai misalin da kowane mai walda daga nan har Suame Magazin a Kumasi ya sani: kabaid. Ka jefa dutsen kabaid a tukunyar gas, ruwa ya taɓa shi, ya fara ɓararraka yana ba da iskar da muke yanka ƙarfe da ita. A rubuta a takardar cewa halinsu ɗaya, sai dai wannan hayaƙinsa asid ne.

Ɗan Kwana-kwana, Akra:
Misalin ya dace har a doka, domin ajinsu ɗaya a dokar sufurin kaya masu haɗari, aji 4.3. Alamarsa ita ce shuɗin allo mai kusurwa 4 da hoton harshen wuta da lamba 4 a ƙasa. Shuɗin ne ke ruɗin mutane, suna ganin launin ruwa su ɗauka ruwa ake kashe shi da shi. A jikin tankin tiraikulorosilan za a ga allo 3 jere: shuɗin nan, da ja mai lamba 3 na mai saurin kama wuta, da mai rabi fari rabi baƙi mai lamba 8, inda aka zana ruwa na ɗiga a kan hannu da kan sandar ƙarfe yana cin su. Na ukun shi ne kalmarku ta biyu.

Ga yadda ake yi idan ya tsiyaye. Alamar farko farin hayaƙi mai kauri da ke fita daga wurin yoyon ba tare da wuta ba, laimar iska ce ke cin karo da shi, kuma a bakin teku laima ba ta yankewa ko da hunturu. A kashe inji, a hana sigari da walda, a kwashe mutane zuwa inda iska ke fitowa, a tudu, kada a gangara. Ba a harba ruwan tiyo a cikin abin da ya zube, hayaƙin ninkawa zai yi, abin ya fantsama. Feshin ruwa mai laushi kamar raɓa ana yin sa ne can gefe, a kan hayaƙin da iska ta kwasa, don a kwantar da shi ƙasa, kuma ruwan da ya sauko ya zama asid, sai an tare shi da busasshen yashi kada ya shiga kwata. Abin da ake rufe tafkin sinadarin da shi kumfa ce ta musamman mai jure barasa, a shimfiɗa ta a hankali a kuma yi ta ƙarawa, tunda ita ma da ruwa a cikinta kuma farkon zuba ta hayaƙi kan ƙaru kafin ya lafa. Jar tukunyar kashe wuta mai hoda da ke rataye a kowace mota ba abin dogaro ba ce a nan, hodar ma tana iya sa shi sakin haidurojin. Wannan ba aikin direba da yaran mota ba ne ko kaɗan.

Malamar Kimiyya, Nima:
An gode, Ofisa. To kalma ta biyu. A hannuna akwai "mai lalatawa", "mai sa tsatsa", "mai ƙuna" da "mai zaizaya".

Injiniya, Tema:
Tsatsa rabin labari ce. Abin mamaki, in ba laima, baƙin ƙarfe na yau da kullum yana riƙe shi lafiya, da shi ma ake ƙera tankunansa. Ranar da laima ta sami ƙofa, ta murfin da bai ɗauru ba ko robar bakin famfo da ta tsufa, asid ya samu a ciki ya fara cin ƙarfen daga ciki zuwa waje, fenti na nan lumui. Farin ɓawon da ke taruwa a bakin famfo shi ne shaida. Yakan toshe hanya, matsi ya taru a baya, mai gyara ya ɗauka layin ba komai ya kwance ƙusa. Alminiyom kuwa ba a haɗa su sam. "Mai lalatawa" ta yi faɗi, gara ma tana lalatawa. Zaizaya aikin ruwan sama ne a kan ƙasa, shekara da shekaru.

Hajiya Nas, Mamobi:
"Mai ƙuna" ma tana da matsala, domin za a haɗa ta da wuta, a ɗauko maganin gida: man kaɗe, ɗanyen ƙwai, man goge baki. Duk ba ɗaya da ya halatta. Jikin mutum ruwa ne, saboda haka inda ya fi laima nan ya fi cin wuya: ido, hanci, maƙogwaro, huhu, hammata da duk inda gumi ya taru. A ido yana iya kashe gani cikin ɗan lokaci. Ga kuma abin da zai yi kamar ya saɓa wa duk abin da aka faɗa a sama, don haka a rubuta shi da manyan baƙaƙe: a jikin mutum, ruwa ne magani, amma mai yawa. Ɗan ruwa a tafin hannu ko jiƙaƙƙen tsumma ƙara ƙunar zai yi. A tuɓe kayan da ya jiƙa tukuna, da almakashi in ta kama don kada riga ta bi ta fuska, mai taimakon da safar roba, sannan a sakar wa wurin famfo ko a yi ta kwara bokiti bayan bokiti, aƙalla minti 15, in an kai 30 ya fi. Ido a buɗe fatarsa da yatsu, ruwan ya gangara daga gefen hanci zuwa waje don kada ya shiga ɗayan. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, abin da ya ƙona da saukarsa zai sake ƙonawa da hawansa. Kada kuma a ce za a kashe asid da soda ko kanwa a kan fata.

Wanda ya shaƙa shi ne ya fi ban tsoro. Zai yi tari, ido ya yi ja, bayan an fitar da shi iska ya ce ya warke zai tafi gida. Huhu na iya tara ruwa bayan sa'o'i, wani lokaci har kwana 1 ko 2, mutum ya shaƙe a kan gadonsa. A zaunar da shi a jingine, kada ya yi gudu ko ɗaukar kaya, a kai shi asibiti a kwantar ko da yana gardama. Ƙuna mai zurfi kuwa akwai cibiyarta a asibitin Korle Bu da ke Akra, 'yan Kumasi su nufi asibitin Komfo Anokye.

Malamin Hausa, Sabon Zango:
Ku lura ku duka uku, Ofisa da Injiniya da Hajiya, ba wanda ya gama magana bai ce "ci" ba: yana cin su, cin ƙarfen, cin wuya. Kalmar tana bakinmu muna nemanta a kasuwa. Masu sabulu suna cewa soda ta ci hannu, makanikai suna cewa ruwan batir ya ci wando. Saboda haka "mai cin nama da ƙarfe". Ta fassara hoton allon nan mai lamba 8 daidai wa daida, hannu ga shi, ƙarfe ga shi. In wuri ya ƙure a jikin alama, a taƙaita "mai ci".

Mai Walda, Ashaiman:
Ta shiga. Tambaya ɗaya Injiniya, saboda masu yanka durom su yi kurfoti da akwati. In durom ɗin ya daɗe a buɗe har saura ya bushe ya zama farin gari, shi ke nan an tsira?

Injiniya, Tema:
A'a Masta, kada a sa wannan a ran kowa. Saurar kulorosilan da ta sha laima rabi da rabi sannan ta bushe tana iya zama abu mai fashewa da bugu ko gogayya kawai. A watan Janairun 2014 a wata masana'antar tace silikon a Yokkaichi ta Japan, ma'aikata na buɗe murfin na'urar sanyaya gas don wankewa, irin wannan saura ta fashe, mutum 5 suka rasu, kuma ƙwararru ne da kayan aikinsu. Durom ko silinda mai shuɗin allo ko lambar nan, ba a sa masa wuta, ba a sara da kurfi, ba a zuba ruwan sha. A mayar wa wanda ya shigo da shi, ko a sanar da hukumar kare muhalli, tunda ita ke ba da izinin shigo da sinadarai.

Malamar Kimiyya, Nima:
Allah ya saka da alheri. Abin da zan kai wurin bugawa: "Tiraikulorosilan, UN 1295. Mai gaba da ruwa. Mai cin nama da ƙarfe. Mai saurin kama wuta. Kada a ɗauraye, kada a yanka." A ƙasa kuma layin Hajiya na ruwa mai yawa a jikin mutum.

Ɗan Kwana-kwana, Akra:
Malama, a ƙara lambobin kiran gaggawa na Gana, 192 da 112, a gindin takardar. Kuma wanda ya kira ya karanta mana lambar UN ɗin ɗaya bayan ɗaya, ɗaya, biyu, tara, biyar, tun kafin mota ta fito, don mu san kumfa za mu ɗauko da tukunyar numfashi.