Tsohuwar Waƙa da Sabuwa: Musayar Baitoci daga Damagaram

Dattijon Birni:

Ku saurara, 'yan'uwa, ina da damuwa,
Lahadin jiya na fito sujada da ƙishirwa.
Layi guda matasa ke ta maimaitawa,
Gita na kuka, lasifika na tsawa,
Na zo gida, ba baitin da nake tunawa.

Martin Luther na Jamus ya san ginawa,
Zabura 46 ya ɗauka yana rerawa.
Waƙoƙinsa kowane baiti da koyarwa:
Zunubi, gicciye, alheri, gafartawa.
Ko ba Lutheran muke ba, gadon na kowa.

Mai gita na Sabon Gari:

Baba, na rusuna, ku yi mini haƙuri,
Ku bar ni in ƙarasa muku labari.
Da Latin ake sujada tun da fari,
Talaka na ji, ma'ana ta zame masa asiri.
Luther ya sa waƙa a harshen mutan gari,
A 1524 suka buga littafin fari,
Waƙa takwas kacal, kuma sabon tsari.
Tsohuwar yau, ran nan ita ce baƙuwa a gari.
Mu ma da Hausa muke yabon Mai alheri,
Ƙannena yanzu suna zuwa sujada da wuri.

Inna ta zumuntar mata, Zango:

Ɗana, gaskiyarka ce, na ji, na karɓe ta.
To ran da ana tsakar sujada aka ɗauke wuta?
Piyano ya yi shiru, ƙungiyarku ta huta.
Wa ya ɗaga murya? Mu ne, tsofaffin mata,
Da tulu da caki, waƙar littafi muka rera ta.

Dattijon Birni:

Inna, kin taɓo abin da ke sa ni kuka.
Tun 1924 da mishan ta SIM a Zinder ta sauka,
Da waƙa iyayenmu suka riƙe abin da aka shuka.
Janairun 2015, ɗana, bari in tuna maka,
Majami'u sun ƙone a garin nan, ka san haka,
Benci da littattafan waƙa sun koma toka.
Muka taru a tsakar gida, ba rufi bisa ka,
Ba littafi a hannu, ba gita, ba lasifika.
Baitocin da muka haddace tun yarinta muka ɗauka,
Murya na rawa, muna cewa Allah ne mafaka.

Mai gita na Sabon Gari:

Baba, wannan ya shiga raina ya zauna.
Gita ba zan ajiye ba, ita ce baiwar hannuna.
Ran Alhamis muna gwajin waƙa da abokaina,
Ku zo ku koya mana ta Luther, ku zauna gefena,
Ku rera, ni kuma in bi ku da kiɗana.

Dattijon Birni:

Zan zo, ɗana, bayan la'asar, in rana ta yi sanyi.
Sharaɗi guda: baiti huɗu ne, duka huɗun za mu yi.