Ina zan ajiye kaya idan zan zaga tsohon gari da ƙafa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu yawon buɗe ido da keke. Ina neman shawararku kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ina bin tsofaffin garuruwan bakin teku, ina kwana a tanti, kuma duk kayana a kan keken suke. Wuraren kafa tanti galibi suna bayan gari, alhali abin kallon yana cikin tsohuwar unguwa, inda lunguna suke da ƙunci, an shimfiɗe su da duwatsu, wasu ma matakala ne zalla.

Tura keke mai nauyi a irin wannan hanya wahala ce, ga shi yawancin gidajen tarihi ba sa bari a shiga da manyan jakunkuna. Sarƙa da kwaɗo keken kawai suke tsarewa, jakunkunan kuwa kowa yana iya ɓalle su. Barin su a tanti ma hankalina bai kwanta da shi ba, domin zif kaɗai ne ya rufe shi, kuma komawa ɗaukarsu yana cinye rabin yini idan gari na gaba na nufa.

Don Allah, ku da kuka saba, ina kuke ajiye kayanku lafiya na 'yan sa'o'i?