Not ɗin da na rubuta da hannuna a aji, nawa ne ko na malami?

Dalibar_Aji3:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah wanda ya san doka ko wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya ba ni shawara, wlh tun jiya kaina a kulle yake.

Ina aji uku a jami'a, akwai wani kwas na bayokemistiri da muke yi, malamin ba ya ba da handawut, magana kawai yake yana zane a allo kuma da sauri, kafin ka gama layi ɗaya ya goge. Ni a gaba nake zama ina rubuta abin da na iya kamawa, in na koma hostel da daddare sai in sake rubutawa a tsanake, in ɗauko littattafai biyu daga laburare in cike inda na rasa, zane-zanen ma duk ni na sake su da biro kala uku, wani wurin har da Hausa nake sa bayani don in gane. Shafi 86 ya zama a ƙarshen semesta. Ƙawaye suka yi ta aro suna fotokofi har littafin ya fara rabewa, sai na zauna sati biyu na buga shi a kwamfuta na mai da shi PDF na sa a guruf ɗin ajinmu na WhatsApp, kyauta, ko sisi ban karɓa ba.

To yanzu wani mai shagon fotokofi a bakin get ya buga shi ya sa masa bango yana sayarwa naira 1,500, da sunan malamin da lambar kwas a sama, sunana ko alama babu. Wani kuma ya ɗora shi a wani shafin intanet da ɗalibai ke zuba not. Malam ya gani ya kira ni ofis ya ce lakcarsa na sata na watsa, kuma wai akwai kurakurai biyu a ciki da yanzu kowa zai ɗauka shi ya koyar da su, ya ce zai kai maganar wurin shugaban sashe. Ni dai tambayata, wannan rubutun na waye? Kuma mai shagon nan da ke cin kuɗi da gumina ina da hanyar hana shi?

Sarkin_Yaƙin_Dalibai:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa kada ki yarda a tsorata ki, hannunki ya rubuta, bironki, takardarki, barcinki kika hana idonki. Shi malamin a ina ya samo? ba a littattafan wasu ya karanto ba? kuma ai albashi ake biyansa don ya faɗa muku. Ilimi ba gonar gadon kowa ba ce, kuma mun san hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta ranar ƙiyama. In da ya ba ku not mai kyau tun farko da ba wanda zai nemi naki.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:

Ƙanwata ki kwantar da hankalinki tukuna, abin bai kai yadda kike tsoro ba, amma kuma ba kamar yadda ɗan uwa na sama ya zayyana ba ne, in kika shiga ofishin shugaban sashe da wannan maganar ta "hannuna ya rubuta" kaɗai za ki sha wahala.

Dokar da muke kai yanzu ita ce dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1988. A cikinta lakca da jawabi da huɗuba duk an lissafa su a ayyukan rubutu da doka ke karewa, kuma ba sai mutum ya je ya yi rajista ba, da zarar ya tsara abinsa ya ajiye shi a takarda ko kwamfuta ko rikodin haƙƙin ya tabbata, har shekara 70 bayan mutuwarsa. Amma dokar nan ɗin dai ta faɗa ƙarara cewa ba ta kare tunani, ko ƙa'ida, ko abin da aka gano, ko tsurar bayanai. Zagayen Krebs ɗin da kuke haddacewa, wato hanyar da ƙwayoyin jiki ke fitar da kuzari daga abinci, tun 1937 Hans Krebs ya bayyana shi, ba na malaminku ba ne ba naki ba ne, kowa zai iya bayaninsa. Abin da yake na malam shi ne yadda ya zuba maganar, lafazinsa, jerin da ya bi, misalan da ya ƙirƙiro da kansa, zanen da shi ya tsara. Abin da yake naki kuma shi ne naki lafazin, cikon da kika yi, zanenki, bayaninki na Hausa. Kin ga ke nan littafi ɗaya ne amma mutum biyu ke da hannu a ciki, shi ya sa tambayar "na waye" ba ta da amsa ɗaya, sai an buɗe shafi-shafi an ga ina kika kwafo baki da baki ina kuma kika faɗa da bakinki.

Kuma wannan rigimar ta girme mu duka. A 1887 wani farfesan falsafa a jami'ar Gilasgo, Edward Caird, ya yi shari'a da wani mai sayar da littattafai, Sime, da ya buga lakcocinsa daga not ɗin ɗalibi, har kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin, Majalisar Dattawa, ta ce karantar da ɗalibanka a aji ba daidai yake da sakin abin ga duniya ba, ɗalibi zai rubuta ya amfana amma ba a buga a sayar ba. A Amurka ma haka, a shari'ar da aka yanke a 1969 a Kalifoniya, wani malamin jami'ar UCLA mai suna Williams ya kai ƙarar Weisser, shi wannan sana'arsa ke nan, ya biya ɗalibi ya shiga aji ya rubuto ya buga ya sayar da sunan malamin a kai. Ya kare kansa da cewa ai lakcar ta jami'a ce ba ta malami ba tunda ita ke biyansa albashi, wato hujjar da ɗan uwa ya kawo a sama, kotu ta ƙi, ta hana shi bugawa ta sa ya biya diyya. Ki lura da wanda aka kama a shari'un nan biyu, mai sayarwa ne, ba ɗalibin da ya rubuta don karatunsa ba.

Ta ɓangarenki kuma akwai shari'ar 1900 ta Walter da Lane, inda 'yan jaridar Times suka rubuta jawaban Lord Rosebery da ya yi a bainar jama'a, wani ya kwashe rubutun ya yi littafi, kotu ta ce wahalar da ɗan jarida ya sha wajen rubutawa ta ba shi haƙƙi a kan rubutunsa ko da maganar ba tasa ba ce. Ba dole ne kotunanmu su bi waɗannan ba amma suna dubawa. To ke da kika ƙara da naki aikin kin fi ɗan jaridar nan hujja a kan mai shago. Shi dai ba shi da komai a ciki, ba maganar ba rubutun.

Inda kike da rauni wuri ɗaya ne, sawa a guruf. Rubutawa don karatun kanki doka ta yarda, rabawa mutum ɗari biyu a PDF kuma wani abu ne daban ko da kyauta ne, in akwai wuraren da kika ɗauko kalmominsa kai tsaye. Sannan ki duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarku, sau da yawa da shi za a yi miki hukunci ba da dokar ƙasa ba.

Malam_Mai_Alli:

'Yata, ni shekarata goma sha tara ina koyarwa a babbar makaranta, bari in faɗa miki abin da nake zaton yana cin malaminki, don ba na jin kuɗin ne.

Makarantu da yawa sun hana malamai sayar da handawut, an kori mutane a kan haka. Yanzu ga takarda a bakin get da sunansa da lambar kwas ɗinsa ana karɓar 1,500, wa zai yarda ba shi ya kai ba? In aka rubuta takardar ƙorafi a kansa gobe shi zai tsaya gaban kwamiti, ba mai shago ba. Sai kuma kurakuran nan biyu, ke a wurinki ƙaramin abu ne a cikin shafuka 86, shi kuwa abokan aikinsa za su gani su ce ashe abin da yake koyarwa ke nan. Ni an taɓa kawo min not da sunana a kai an juya wata ƙa'ida gaba ɗaya, aji guda suka rubuta min ita haka a jarrabawa, da na kayar da su suka ce ai ni na faɗa. Na yi kwanaki raina a ɓace.

Wani abin kuma da ɗalibai ba sa gani, da yawanmu lakcar nan ita ce littafin da muke fatan bugawa wata rana, shekara da shekaru muna gyara ta, kuma da wallafa ake mana ƙarin girma. In ta riga ta yaɗu a intanet wane mai ɗab'i zai karɓa.

Duk da haka ban goyi bayan ya kira ki ɓarauniya ba, sam. Ɗalibar da za ta koma ɗaki ta buɗe littafi biyu ta cike giɓi ita muke nema a aji muna rasawa. Ki je masa da littafinki na hannu, ainihin wanda ya rabe ɗin, da saƙon da kika tura guruf mai kwanan wata, ya gani da idonsa cewa kyauta kika bayar. Ki ba shi haƙuri a kan rashin neman izini, wannan kam kin yi kuskure, ki roƙe shi ya nuna miki wuraren biyu. Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da kilas ref, wato wakilin ajinku.

Abu_Sumayya:

Ina so in gyara wa ɗan uwa Sarkin Yaƙi maganar hadisin nan. Hadisin yana nan a Abu Dawuda da Tirmizi, amma mutumin da ya tsaya gaban ɗalibai awa biyu yana bayani ai bai ɓoye ilimi ba. Cewa "kada a buga da sunana sai na duba" ba ɓoyewa ba ne. Mu da muka taso a zaure mun san haka, Muwaɗɗar da muke karantawa ruwayar Yahya bn Yahya al-Laisi ce daga Imamu Malik, sunan malami na nan sunan ɗalibin da ya ɗauko na nan, ba a shafe ko ɗaya ba, kuma ba ka ruwaito daga malami sai ya yi maka izini. Abin da mai shagon nan ya yi ya saɓa duka biyun, ya shafe sunan mai rubutu ya kuma jingina wa malami abin da bai duba ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma a zamanta na Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a taka shi ba.

Injiniya_Bature:

Ni ta ɓangaren intanet ɗin zan yi magana don shi ya fi damuna. Na bakin get in shugaban sashe ya aika masa yau gobe ya daina, amma wanda aka ɗora fa? Shafuka irin su Course Hero da Studocu tsarinsu shi ne ka ɗora takarda a buɗe maka na wasu, shi ya sa yara ke kwasar duk PDF ɗin da ya faɗo guruf suna zubawa ba tare da sun ma karanta ba. Dokar 2022 ɗin da Barista ya ambata ta kawo hanyar rubuta wa mai shafi takardar a sauke abu, kuma manyan shafukan suna da fom na wannan a ƙasan shafinsu, ki cike, in malam ya cike nasa ma ya fi ƙarfi. Sai dai duk wanda ya riga ya sauke a wayarsa ya sauke ke nan.

Kalifoniya tun 2000 suka yi doka takanas a kan sayar da not da rikodin lakca ba da izini ba, lokacin da kamfanonin intanet suka fara biyan ɗalibai suna ɗora musu. Mu kuma yanzu muke shiga, ga shi abin ya wuce biro, yaro zai ajiye waya a kan benci ta naɗi lakcar duka, manhaja ta mai da muryar rubutu, ya ba ChatGPT ya taƙaita masa cikin minti biyar. Wannan not ɗin wa ya rubuta shi? muryar mutum kuma da aka naɗa ba da saninsa ba ta shiga wata dokar daban, ta kare bayanan sirri ta 2023. Ya kamata kowace jami'a ta rubuta abu shafi ɗaya a raba wa 'yan aji ɗaya ranar rantsarwa, me za ka iya naɗa, me za ka iya rabawa, maimakon a bari sai an kama yarinya irin wannan da ta yi don taimako a huce a kanta.

Dalibar_Aji3:

Na gode sosai Allah ya saka da alheri, Malam Allah ya ƙara girma, shawararka na bi. Mun je yau da kilas ref, na kai littafin hannun. Ya daɗe yana buɗawa bai ce komai ba, sai ya tsaya a wani zane ya ce wannan ba nawa ba ne a ina kika samo, na ce ni na haɗa daga littattafai biyu. Kurakuran ya nuna min, ɗaya nawa ne na juya sunayen enzayim biyu, ɗayan kuma da muka duba ba ya cikin PDF ɗina ma, wurin mai shagon aka sake buga shafin aka tsallake layi.

Ya ce ba zai kai ni gaba ba, amma in cire shafi goma sha ɗaya da ya yi wa alama da jan biro, ya ce waɗannan daga wani aiki ne da bai wallafa ba tukuna, sauran in gyara in sa sunana in rubuta a sama cewa not ɗin ɗaliba ne malami bai duba ba. Na ce ko zai duba min gaba ɗaya a sa sunansa, ya ce a'a. Gsky shafukan nan goma sha ɗaya su ne wurin da 'yan ajinmu suka fi shan wuya kuma jarrabawa saura sati uku, abin ya tsaya min a rai amma na cire.

Mai shago kuma mun biya ta wurinsa, ya ce shi wani ɗalibi ne ya kawo masa a filas, kuma ya riga ya buga kwafi arba'in da kuɗinsa sai ya sayar. Yaya Barista, takardar da ake rubutawa a sauke abu daga intanet ɗin, irinta za ta yi aiki a kan mai shago ko sai na je ofishin hukumar haƙƙin mallaka?